Makullin Akwatin Saba

Shafi na 14

Daga Hajo ta Bakin Kasuwa

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Masu cika min waya da "Iya ƙaro, Iya ƙaro" tun asuba, ga shi nan, ku sakar min mara. Ke kuma Zahra'u ta Tudun Kaya da kika ce wai ina ɗaure wa Bahijja gindi, karanta wannan tukuna, sannan ki dawo mu yi magana.

Mun tsaya a inda Alhaji Sulle, shugaban ƙungiyar manoma, ya kira taron kwamiti don a sallami Bahijja daga aikin kula da kwamfutocin ofis.

Safiyar Litinin, ofishin nan na Ƙaraye ya cika har bakin titi. Mutanen ƙauyen Kurugu, mutanen ƙauyen Yola, kowa da katinsa a hannu. Masara ta kai gwiwa tana neman taki, shi kuwa taki ba ya fitowa sai sunanka ya shiga saba, wato uwar kwamfutocin da mutanen Kano suka ba ƙungiya kyauta. Ita kuma sabar kwana ashirin da shida ke nan kullum rana ta ɗaga sai ta ɗauke numfashi.

A cikin ɗakin taro, Alhaji Sulle ya gyara babbar riga ya ajiye wata takarda a kife.

"'Yar nan, ba mu tara mutane don mu ci mutuncinki ba. Amma aiki ya fi ƙarfinki. Ga Lukman na ɗauko daga Rogo, injiniya ne."

Injiniya wai. Ɗan ƙanwarsa ne, shagon sa wa waya waƙoƙi gare shi a tasha. Ya zo da wata jaka da sukuddireba guda ɗaya tak, ya saƙala gilashi a goshi.

Lukman ya miƙe.

"Kawu, abin ba wuya. Bairos ne. A yi mata fomat, a sake windo, kafin la'asar an gama."

Bahijja ta ɗago kai daga laftof ɗinta.

"Ka taɓa ganin sabar?"

"Ba sai na gani ba."

"Ka san fomat zai share sunan mutum dubu uku da muka shigar tun bazara?"

"Sai a sake shigarwa."

"Kai za ka bi su gona-gona ka sake ɗaukar hotonsu?"

Ya hau gyara gilashi.

Ta ce, "Mara lafiya zazzaɓi yake yi, kai kana cewa a aske masa kai."

Inna Talatu, shugabar mata, ta yi dariya a cikin mayafi. Alhaji ya harare ta, ta mayar masa da harararsa har da canji.

"Ke yarinya, ba gardama muka zo ba. Kwana ashirin da shida me kika yi?"

"Ranka ya daɗe, in ka ba ni dama zan faɗa."

"Faɗi."

"Na auna wutar da inbata ke bayarwa, lafiya lau. Na sake wayar da ta taho daga sola da hannuna. Na binciki bairos sau huɗu, babu ko ɗaya. Na duba rumbun da sunaye ke ciki, bai lalace ba. Duk wannan daga nesa da sabar na yi, don abu ɗaya ne aka hana ni."

"Me aka hana ki?"

"Makullin akwatin da sabar ke ciki."

Jama'a, ku ji wannan zalunci. An ɗauki yarinya aikin kula da inji, an kulle injin a akwatin ƙarfe mai kama da firij, an kulle akwatin a ɗaki, an ba Malam Tsoho sakatare makulli ya zuba a aljihu. Alhaji da bakinsa ya ce ba a ba 'ya mace makullin kaya masu tsada. Kamar a ce wa ungozoma ta karɓi haihuwa ta taga.

Alhaji ya ce, "Makulli yana hannun amintacce. Duk sanda injin nan ya mutu, wa yake fara rugawa ya tayar da shi? Malam Tsoho. Dattijo da ciwon gwiwa, har Asabar da Lahadi zuwa yake yi. Ke kina gida kina danna waya."

Malam Tsoho ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Bahijja ta juyo da fuskar laftof ɗin wajen mutane.

"To madalla da aka zo nan. Sabar nan tana da rajista da take rubuta wa kanta. Komai ya same ta sai ta rubuta, da rana da ƙarfe nawa. Jiya na samu na buɗe ɓangaren da ban taɓa kaiwa ba."

Lukman ya ce, "Ai waɗannan rubuce-rubucen ba a bin ta tasu."

"Kai ba ka bi. Inna, matso ki gani."

Inna Talatu ta jawo kujera.

"Kin ga wannan lambar? Zafin jikin injin ne. Da can arba'in da 'yan kai yake tsayawa. Yanzu kullum sai ya kai casa'in da biyar. In ya kai nan, kashe kansa yake yi don kada ya ƙone. Ba mutuwa yake ba, tsira da ransa yake yi."

"Allah sarki. To me ya kawo zafin?"

"Ga layi na biyu. Akwai fanka a bayan akwatin, ita ke fitar da zafi waje. Ta tsaya cak ranar Laraba, kwana ashirin da shida da suka wuce, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma."

Alhaji ya ce, "To ai kin ga sakacinki ke nan."

"Ranar ina Kano wajen bita, ranka ya daɗe. Kai ka sa hannu a takardar tafiyata."

Wani ɗan kwamiti ya yi tari. Wani ya fara duban silin.

"Saura layi na uku," in ji Bahijja. "Ƙofar akwatin tana da ɗan maɓalli da ke gaya wa injin an buɗe ni, an rufe ni. Tun daga ranar nan, kullum sau uku ake buɗe ta. Bayan asuba, da azahar, da gab da magariba. Ba fashi. Har Juma'a, har Lahadi. Ni dai kowa ya san ba ni da makulli."

Duk ɗakin ya juya wajen Malam Tsoho.

Ya ce, "Share ƙura nake yi."

Inna Talatu ta ce, "Sau uku a rana, Malam? Teburinka da muke gani shekara biyu ba a share ba, har gizo-gizo ya yi jikoki a kai."

"Talatu, ki kiyaye ni."

"Kawo makulli."

Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu.

"Ina jin na baro shi a ɗaya rigar."

"Me ke ƙara a aljihun gabanka, kuɗin Larabawa?"

Alhaji Sulle ya buga tebur.

"Wannan ba shi ne ajandar yau ba. Mun zo maganar sallama, a yi maganar sallama."

Inna ta miƙe ta ɗaure mayafi a ƙugu. Duk wanda ya san Talatu ya san in mayafi ya sauka ƙugu to magana ta ƙare.

"Alhaji, mata ɗari shida ne a bayana suna jiran taki. In makulli ya ɓata, ga mai walda can a tsallake, yanzu zan aika a kira shi. In kuma kana so in leƙa waje in gaya wa mutanen Kurugu cewa akwai abin da ake ɓoyewa a ɗakin can, to sai ka zaɓa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malam Tsoho ya zaro makulli, ya ajiye a tebur kamar garwashi.

Bahijja ta ɗauka. Wata takwas tana aikin nan, ranar ce ta fara taɓa shi.

Aka bi ta a baya har ɗan ɗakin. Ta buɗe ƙofa, ta tsuguna gaban akwatin.

Abin da ta fara gani, duk 'yan ramukan shan iskar da ke jikin ƙofar an cusa musu tsumma. An bi su ɗaya bayan ɗaya da haƙuri, kamar mai toshe ramin ɓera.

Ta murɗa makulli.

Wani huci ya bugo mata fuska kamar an buɗe tanderun gurasa. Ta ja baya, ta sake leƙawa da fitilar waya.

"Inna, zo ki gane wa idonki."

A cikin fankar baya, an soka asawaki ya tokare fukafukanta. A ƙasan sabar kuwa, daidai inda iskar zafi ke fitowa, ga wata ƙatuwar ƙwarya cike da ɓuntun shinkafa. A cikin ɓuntun, ƙwan zabi ne jere reras, kowanne an ɗiga masa gawayi a gefe ɗaya don a san wanda aka juya. A gefen ƙwaryar ga kofin silba da ruwa a ciki.

Bahijja ta fara ɗauko kofin, a hankali, da hannu biyu.

"Ruwa. Ruwa a ƙarƙashin saba. Da wannan ya kife, da yau ba mu da suna ko ɗaya."

Malam Tsoho ya ce daga baya, "Ai ƙwai yana son ɗan laima."

Ba wanda ya tambaye shi. Bakinsa ne ya kai shi.

Inna Talatu ta ƙirga da yatsa.

"Arba'in cif. To ga ma'anar asuba da azahar da magariba. Juyin ƙwai ake zuwa. Shi ya sa injin na mutuwa kake rugawa da gwiwarka mai ciwo, kada 'ya'yanka su yi sanyi. Mu kuwa muna ta sa maka albarka."

Bahijja ta miƙe. Idonta ya kaɗa.

"Baba Tsoho, sau nawa na tsaya a bakin ƙofar nan ina roƙonka ka bar ni in leƙa? Ka ce min ɗakin ba na mata ba ne. Mutane sun tare ni a kasuwa suna cewa na ci albashin banza. Wani ya je har gidanmu ya gaya wa mahaifina 'yarsa ta hana talakawa taki. Kana ji, kana gani, kana juya ƙwai."

Malam Tsoho bai ɗago ba.

Nan Alhaji Sulle ya ga iska ta juya, sai ya bi ta. Ya kutso gaba yana huci.

"Tsoho, amanar da na ba ka ke nan? Kayan jama'a ka mayar akurki? Daga yau ka ajiye min littattafan ofis. Na sallame ka."

Sai a lokacin dattijon ya ɗago.

"Ni ka sallama, Alhaji?"

"Kai fa."

"Shekara goma sha tara ina ɗaukar maka jaka."

"Ka yi min shiru."

"Ba zan yi ba. Ni ko zabuwa ɗaya ba ni da ita, kowa ya san gidana, awaki ne da ni. Kazarka ce muzuru ya ɗauke bayan ta yi kwana biyu a kan ƙwan zabinka. Kai ka shigo ɗakin nan ka ɗora tafin hannu a kan akwatin, ka ce, Tsoho, ɗumin nan daidai yake da cikin kaza. A bayan motarka aka kawo ƙwaryar nan."

"Ƙarya kake."

"Da muka ga ɗumin ba ya zama, wa ka buga wa waya a Rogo? Wa ya ce mana fankar ce ke kwashe ɗumin, a tsayar da ita, ba abin da zai samu injin?"

Aka nemi Lukman. Yana bakin ƙofa ya rungume jakarsa, ƙafa ɗaya a waje.

Inna Talatu ta ce, "Injiniya, ina zuwa? Ba ka yi mana fomat ɗin ba."

"Fitsari zan yi."

"Riƙe shi."

Ni abin da ya fi ƙona min rai a nan, ba ƙwan ba ne. Kowa yana iya yin wauta. Amma ka san abin da ka aikata, ka zauna kana kallon 'yar mutane tana ramewa, sannan ka rubuta mata takardar kora don ka ɗora ɗan ƙanwarka. Da an yi fomat ɗin nan, rajistar ma da ta tafi, shi ke nan an binne magana.

Bahijja ta sake tsugunawa. Ta kashe wutar akwatin. Ta zare asawakin ta miƙa wa Inna. Ta cire tsummokaran ɗaya bayan ɗaya. Ta kaɗa fankar da yatsa ta ga tana juyawa, ta hure ɓuntun da ya shiga saƙo-saƙo. Sannan ta jawo ƙwaryar waje ta ajiye a ƙasa.

Malam Tsoho ya ce a hankali, "'Yata, ko za ki bar su zuwa gobe? Yau ko gobe za su fito."

Kallo ɗaya ta yi masa ya koma jikin bango.

Ta mayar da wuta, ta danna maɓalli. Fanka ta ɗauka da ƙara. Ta zauna a ƙasa da laftof a cinya, Inna a kanta.

"Sittin. Hamsin da biyu. Arba'in da shida."

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Inna. A ce wa akawu ya fara kiran layi."

'Yan kwamiti suka fara zamewa, kowa yana ɗokin kai labari. Alhaji ya tare ƙofa.

"Ba wanda zai ce komai a waje sai na yi magana. Ku koma ɗakin taro. 'Yar nan, ke tsaya."

Suka fita. Inna Talatu ta jawo wani tsohon kwali ta zauna a kai.

"Talatu, har da ke."

"Ƙafata ce ta riƙe."

Ya tura ƙofa, ya sassauta murya, wai shi uba.

"Bahijja, mahaifinki abokina ne tun muna makarantar allo. Abin da ya faru ya faru. Mutanen Kano za su nemi rahoto. Ki rubuta musu cewa fanka ce ta lalace don kanta, kin gyara. Shi ke nan. Aikinki na nan, makulli ma ki riƙe."

"In kuma ban rubuta haka ba?"

Ya zaro takardar nan da ya kife ɗazu, ya buɗe ta a gabanta. Sa hannunsa na jiki, da hatimi.

"Kwanan wata kawai ya rage in cike. Ni ne shugaba har yanzu. Ki yi tunani, aikin kwamfuta nawa ne a garin nan?"

Inna ta ce, "Sulle, ka ji tsoron Allah."

"Ba da ke nake ba."

Bahijja ta dubi takardar, ta dubi laftof ɗinta. Albashin nan shi ke riƙe da gidansu, Alhaji kuma ya sani, shi ya sa ya taka nan.

"Ranka ya daɗe, da ka faɗa min wannan kafin in kunna."

"Me kike nufi?"

"Mutanen Kano sun saita sabar, in ta yi minti goma tana lafiya sai ta aika musu rajistarta da kanta. Kwanakin nan ba ta samu sukuni ba, kafin ta gama turawa zafi ya kashe ta. Yanzu ta samu."

"Tsayar da ita."

Ta juyo masa da allon.

"Ta riga ta tafi. Da zafin, da fankar, da buɗe ƙofa sau saba'in da takwas."

Alhaji ya cire hula ya share goshi. Bai gama mayar da ita ba wayarsa ta ɗauki ruri a aljihu. Ya duba sunan, fuskarsa ta koma kamar tokar murhu.

Injiniya Bahauddeen ne, babban da ke kula da injinan a Kano.

Kiran ya katse. Wayar ta sake ɗaukar ruri.

Ya miƙa wa Bahijja wayar, ɗaya hannun yana kaɗa takardar korar a gaban idonta.

"Ɗauka. Kin san abin da za ki faɗa."

Ta karɓa, ta danna sifika, ta ajiye wayar a kan akwatin.

"Salamu alaikum, Injiniya, Bahijja ce."

"Wa alaikumus salam. Yauwa, ke nake nema ma. Ga rajista ta shigo min yanzu. Fanka ba ta tsayawa haka kawai a yi ta buɗe ƙofa sau uku a rana. Wa yake riƙe da makullin akwatin nan?"

Alhaji ya ɗora biro a kan gurbin kwanan wata.

Sai ga wani ɗan siririn kuka daga cikin ƙwarya. Ɓawo ɗaya ya tsage, ɗan baki ya leƙo. Tsiyau, tsiyau. Na kusa da shi ma ya amsa.

Muryar Injiniya ta sake fitowa daga wayar.

"Bahijja, kina ina yanzu?"

"Ina ɗakin saba, Injiniya."

"To kukan mene ne nake ji a ɗakin saba?"

Bahijja ta dubi biron da ke hannun Alhaji, ta jawo wayar kusa da bakinta.